Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ƙarin Ruwa da Ma'aunin Gishirin Jiki

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan ƙarin ruwa suka zo, mafi yawansu daga ɗaliban aikin jinya da nas-nas, ɗaya kuma daga mai jinyar mara lafiya. Alkaluman da muka kawo su ne ake koyarwa gaba ɗaya. A bakin gado, abin da likita ya rubuta wa wannan mara lafiyar da ƙa'idar asibiti su ake bi.

Tambaya: Ledojin ƙarin ruwa duk fari ne tas, ido ba ya raba su. Me ya bambanta nomal salin da destiros da ruwan Ringa? Idan ɗaya ya ƙare, laifi ne a rataya ɗaya a madadinsa? Daga wata ɗalibar aikin jinya.

Laifi ne, 'yar'uwa, kuma yana iya zama babba. Kafin ki gane dalili, ki fara sanin inda ruwa yake zama a jiki. Babban mutum mai kilo 70 yana ɗauke da ruwa kamar lita 42, wato kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Na mata da tsofaffi bai kai haka ba, na jarirai kuwa ya haura kashi 70. Daga cikin lita 42 ɗin nan, wajen lita 28 suna cikin ƙwayoyin halitta, lita 14 suna wajensu. A cikin 14 ɗin ma, lita 3 zuwa 3 da rabi ne kawai ke gudana cikin jijiyoyin jini, sauran suna kewaye da ƙwayoyin. Abin da ke riƙe ruwa a wajen ƙwayoyin shi ne sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin milimol (ma'aunin yawan sinadari) 135 da 145 a kowace lita ta jini. Duk inda sodiyam ya yi, ruwa nan yake bi.

Nomal salin ruwan gishiri ne, giram 9 a lita ɗaya, abin da ake rubutawa kashi 0.9 cikin 100. Yana ɗauke da milimol 154 na sodiyam da 154 na kuloraid. Saboda gishirinsa, ba ya shiga cikin ƙwayoyin halitta, sai ya tsaya a wajensu, kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka zuba yake zama cikin jijiya. Shi ya sa yake da amfani ga wanda ya zubar da jini ko ruwa, awon jininsa, wato BP, ya faɗi. Illarsa ita ce kuloraid ɗinsa ya fi na jini yawa nesa ba kusa ba. Idan aka yi ta zuba shi lita bayan lita, jini yana yin tsami, ƙoda ta wahala, jiki ya kumbura.

Ruwan Ringa ya fi kama da ruwan jini. Sodiyam ɗinsa wajen 130 ne, kuloraid wajen 110, yana da fotasiyam 4 zuwa 5, da ɗan kalsiyam, da laktet wajen 28 wanda hanta ke mayarwa bikabonet, sinadarin da ke rage tsamin jini. Mai gudawa mai tsanani yana zubar da bikabonet da fotasiyam, don haka wannan ruwan ya fi dacewa da shi. Haka mai ƙuna da wanda aka yi wa tiyata. Sai dai kalsiyam ɗin da ke ciki yana sa a yi hattara: ba a haɗa shi da jini a roba ɗaya, kuma ba a gama shi da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta seftiriyazon, musamman ga jarirai sababbin haihuwa, domin suna daskarewa su zama ƙananan tsakuwoyi a huhu da ƙoda. Wanda ya samu rauni a kai kuwa an fi zaɓa masa nomal salin, saboda Ringa ya ɗan fi jini tsinkewa, yana iya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa.

Destiros na kashi 5 cikin 100 sukari ne giram 50 a lita, babu gishiri ko kaɗan. Da ya shiga, jiki ya ƙone sukarin, abin da ya rage ruwa ne zalla, shi kuma sai ya bazu ko'ina har cikin ƙwayoyin halitta. A lita guda, abin da ke zama cikin jijiya bai kai mililita 100 ba. To ki duba: mutum yana zubar da jini, an rubuta nomal salin, aka rataya masa destiros don shi ne a kusa. Jijiyarsa ba ta cika ba, sodiyam ɗinsa ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta fara shan ruwa. Idan ruwan da aka rubuta babu shi, a koma wa likita ya sake rubutu. Kuma kafin a rataya kowace leda, a karanta sunanta da ƙarfinta da ranar lalacewarta, a ɗaga ta a haske a duba ko ta yi gurɓi, a ɗan matsa ta a ga ko tana yoyo.

Tambaya: Ba kowane gado ke da na'urar tura ruwa ba. Yaya ake lissafin ɗigo da hannu ba tare da kuskure ba? Daga wani sabon ma'aikacin jinya.

Malam, fara da karanta takardar robar ƙarin ruwan, domin a jikinta aka rubuta ɗigo nawa ke yin mililita ɗaya. Ta manya yawanci 20 ce, akwai mai 15 da mai 10, ta yara kuma 60. Sai ka ninka yawan ruwan da wannan adadi, ka raba da mintocin da aka ba shi. An rubuta mililita 1000 cikin awa 8, robarka mai ɗigo 20 ce: 1000 sau 20 ya ba ka 20,000, awa 8 minti 480 ne, ka raba ka samu 41.7, wato ɗigo 42 a minti. Da mai 15 ce, sai ya zama ɗigo 31. Ta yara mai 60 ta fi sauƙi, domin mililitar da ake so a awa ita ce ɗigon da za ka ƙirga a minti. Mililita 40 a awa, ɗigo 40 a minti.

Lissafin ba shi ne inda aka fi tuntuɓe ba. Gudun ruwan da ka saita ba ya zama yadda ka bar shi. Mara lafiya ya lanƙwasa hannu ya tsaya, ya miƙe ya ɓalle. An ɗaga ƙarfen rataya ya ƙara gudu, ledar ta kusa ƙarewa ya rage. Saboda haka ka ƙirga da agogo minti ɗaya cur, ka manna takarda a gefen ledar ka ja layi inda ruwa ya kamata ya kai kowace awa, ka riƙa leƙowa kana gwadawa. Idan ka tarar ruwa ya yi baya da awa biyu, kada ka buɗe shi don ya cimma lokaci. Wannan cike gurbin ya sha jefa tsofaffi da yara cikin cikar huhu. Ka sake lissafi da abin da ya rage, ka sanar da likita. Ga ƙaramin yaro kuma, a sa robar nan mai ma'auni a tsakiya, a zuba ruwan awa ɗaya ko biyu kacal, ta yadda ko ya ɓalle ba lita guda za ta afka masa ba.

Tambaya: Me ya sa ake tsananta wa allurar fotasiyam haka, har ake ɓoye ta daban da sauran magunguna? Daga wata nas.

Don tana tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci idan aka tura ta kai tsaye cikin jijiya. Kusan duk fotasiyam ɗin jiki yana cikin ƙwayoyin halitta, na cikin jini ɗan kaɗan ne, milimol 3.5 zuwa 5 a lita. Wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ke ba tsokar zuciya damar bugawa a kan tsari. Kwalbar fotasiyam kuloraid mai mililita 10 ta kashi 15 cikin 100 tana ɗauke da milimol 20. Ki tuna ruwan jinin jiki duka lita uku da ɗoriya ne. Kwalba ɗaya a tashi guda ta isa ta ruɗa zuciya ta tsaya. Kuma a ido ta yi kama da kwalbar ruwan haɗa allura, wannan ne dalilin raba musu wurin ajiya.

Ba a taɓa tura ta da sirinji, komai gaggawa. A jijiyar hannu, ƙarfinta kada ya wuce milimol 40 a lita, gudunta kuma yawanci kada ya wuce milimol 10 a awa. Milimol 20 cikin mililita 500 ke nan, a awa biyu ko fiye. Abin da ya haura wannan sai ta babbar jijiya, da na'urar tura ruwa, da na'urar kallon bugun zuciya a maƙale. Idan akwai ledar da kamfani ya riga ya haɗa, ita ta fi. Idan dole a haɗa da hannu, nas biyu su duba, a sauke ledar daga ƙarfe, a zuba, a juya ta sama da ƙasa sau da yawa, a manna takarda mai suna da adadi da lokaci. Fotasiyam ya fi ruwan nauyi. Idan aka zuba shi ledar tana rataye, ƙasa yake kwanta, mara lafiya ya shanye shi duka a mintocin farko.

Kafin a fara, a tabbata mutum yana fitsari, domin ƙoda ce hanyar fitarsa. Ƙarancinsa yakan biyo bayan gudawa, amai, ko maganin sa fitsari irin furusemaid, kuma yana zuwa da kasala, ciki ya kumbura hanji ya daina motsi, bugun zuciya ya rikice. Idan ana ta bayarwa bai hau ba, a auna magnisiyam, don in shi ya yi ƙasa ƙoda za ta ci gaba da zubar da fotasiyam. Yawansa kuwa sau da yawa ba ya nuna wata alama sai a takardar gwajin zuciya, inda tudun da ake kira T yake yin tsini. Daga 6.5 zuwa sama gaggawa ce: a tsayar da duk ruwan da ke da fotasiyam, a kira likita. Yawanci za a ba da kalsiyam gulukonet don kare zuciya, sannan insulin tare da gulukos don mayar da fotasiyam cikin ƙwayoyin, kuma aikinki ne ki riƙa auna sukarin jini bayan haka, don yana iya faɗuwa.

Tambaya: Mahaifiyata ta manyanta, tana da ciwon zuciya, ga ta kwance babu ƙarfi. Na roƙi a ƙara mata ruwa, aka ce a'a, har ma aka cire wanda ke hannunta. Wannan ba sakaci ba ne? Daga wani mai jinya.

Allah Ya ba Mama lafiya. Ga dukkan alamu kulawa ce aka yi mata. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarin ruwa ƙarfi yake sawa ko jini yake ƙarawa, alhali ba ya yin ko ɗaya. Lita guda ta destiros kalori wajen 200 ce kawai, ba ta kai kwanon abinci ɗaya ba. Nomal salin kuwa ko kalori ɗaya babu.

Babban mutum da ba ya iya ci da sha yana buƙatar mililita 25 zuwa 30 na ruwa ga kowane kilo a yini, da milimol 1 ga kowane kilo na sodiyam da fotasiyam da kuloraid, da gulukos giram 50 zuwa 100. Mai kilo 60, lita ɗaya da rabi ke nan zuwa 1.8, sodiyam milimol 60. Lita ɗaya ta nomal salin ta ninka wannan sodiyam fiye da sau biyu. Ga tsoho, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, ana saukowa zuwa mililita 20 ko 25. Zuciyar da ta raunana ba ta iya tura ruwan da ya wuce kima, sai ya taru a huhu. Alamarsa numfashi sama-sama, kasa kwanciya a miƙe, tari mai kumfa, kumburin ƙafa, jijiyoyin wuya su taso. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu ruwa yana tafiya, ka kira nas nan take, ka tayar da Mama zaune. Muddin tana iya haɗiya, ta baki ya fi mata aminci, gwargwadon abin da likita ya iyakance. Ka tambaye shi mililita nawa ya yarje mata a yini, ka riƙa aunawa da kofi ɗaya.

Tambaya: Takardar lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita tana cin lokaci. Da gaske tana da amfani? Daga wata nas mai aikin dare.

Tana da shi idan an cike ta da gaskiya. Takardar da aka cike da ƙiyasi a ƙarshen aiki ta fi rashin takarda haɗari, don likita zai gina hukunci a kanta. A ɓangaren shiga, har da ruwan da aka narka magani a ciki da wanda aka wanke kanula, 'yar robar da ake sawa cikin jijiya, da shi. Maganin ƙwayoyin cuta sau huɗu a yini cikin mililita 100 ya zama 400, kuma shi aka fi mantawa. A ɓangaren fita akwai fitsari, amai, gudawa, ruwan robar hanci da na robar rauni. Ban da su, fata da numfashi suna fitar da kamar mililita 500 zuwa 800 a yini da ba a gani, zazzaɓi kuma yana ƙara shi.

Fitsarin babba kada ya gaza rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato 30 ga mai kilo 60. Na ƙaramin yaro mililita 1. Idan ya yi ƙasa awanni a jere, a fara duba ko robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe, sannan a kai rahoto. Mu dai a ganinmu sikeli ya fi takarda faɗin gaskiya: kilo ɗaya lita ɗaya ne. A auna mara lafiya kowace safiya da sikeli ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya ƙara kilo biyu cikin kwana biyu ruwa ya tara. Kuma kada a jira awon jini ya faɗi kafin a ce ruwa ya gaza, domin shi ne na ƙarshen faɗuwa. Bugun zuciya ke fara sauri, hannu ya yi sanyi, a danna farce jini ya wuce daƙiƙa biyu bai dawo ba.

Tambaya: Yaro ya zo da gudawa ya galabaita. Yaushe ake sa ruwa ta jijiya, kuma nawa? Daga wani jami'in lafiya.

Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake. Yaron da ke ƙishirwa, yana rigima, idonsa ya ɗan faɗa amma yana sha, ruwan gishiri da sukari na fakiti ake ba shi, mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. A haɗa masa da zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga ɗan ƙasa da wata shida.

Jijiya ta wanda ya yi laushi ne ko ya suma, ba ya iya sha, idanu sun zurma, an ja fatar ciki ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba. Biyu daga cikin waɗannan sun isa. Ana ba shi mililita 100 ga kowane kilo na ruwan Ringa, in babu nomal salin, amma ban da destiros zalla. Ɗan ƙasa da wata 12: mililita 30 ga kilo a awa ɗaya, sannan 70 a awa 5. Wanda ya haura shekara: 30 a minti 30, sannan 70 a awa biyu da rabi. Jariri mai kilo 8 zai samu 240 a awar farko, 560 a awa biyar na gaba, wato 112 a awa. A riƙa duba shi kowane minti 15 zuwa 30 har bugun jijiyar hannu ya yi ƙarfi, kuma da ya iya sha a fara ba shi ta baki.

Wuri biyu wannan tsari ba ya aiki, kuma su muke so ka riƙe da kyau. Na farko yaro mai tamowa mai tsanani. Zuciyarsa ta raunana, jikinsa cike yake da sodiyam, fotasiyam ya ƙare, ga fatarsa da idonsa suna ruɗin mai dubawa don dama a yamutse suke. Ruwan Risomal, ruwan gishiri da sukari na musamman ga masu tamowa, ake ba shi ta baki, mililita 5 ga kilo kowane minti 30 na awa biyun farko. Ba a taɓa jijiyarsa sai jini ya gaza zagayawa har ya yi laushi ko ya suma, nan ma mililita 15 ga kilo a awa guda, ana ƙirga numfashi da bugun zuciya kowane minti 5 zuwa 10. Na biyu yaro mai zazzaɓi mai tsanani wanda ba gudawa ta kawo shi ba. Wani babban bincike da aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara fiye da 3,000, aka wallafa a 2011, ya nuna waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48: sama da kashi 10 cikin 100, a kan kashi 7 da ɗoriya na waɗanda ba a ɗura wa ba.

Ruwan yau da kullum ga yaron da ba ya ci kuwa, lissafin da ake bi tun 1957 shi ne mililita 100 ga kowane kilo na kilo 10 na farko, 50 ga goma na biyu, 20 ga abin da ya haura. Yaro mai kilo 24 zai samu 1,580 a yini. A zaɓi ruwa mai gishiri daidai da na jini, da gulukos a ciki, domin ruwa mai tsinkakken gishiri yana saukar da sodiyam ɗin yara har su yi jijjiga.

Tambaya: Idan sodiyam ya yi ƙasa, me zai hana a cike shi da sauri a huta? Daga wani ɗalibi.

Ƙwaƙwalwar da ta kwana biyu cikin ƙarancin sodiyam ta riga ta daidaita kanta da shi. Idan aka ɗaga shi farat ɗaya, ruwa zai fice daga ƙwayoyinta, rufin jijiyoyinta ya lalace, bayan 'yan kwanaki mutum ya kasa magana ko haɗiya ko motsi, kuma sau da yawa ba ya warkewa. Don haka ba a wuce milimol 8 zuwa 10 a awa 24, ana maimaita gwajin jini a kai a kai. Mai jijjiga ko suma ne kaɗai ake ba ruwan gishiri mai kauri na kashi 3 cikin 100, ɗan kaɗan, a gaban likita. Da yawa daga masu ƙarancin sodiyam ma ruwa ne ya yi musu yawa, maganinsu rage sha.

Tambaya: Ruwa ya tsaya, hannun mara lafiya ya kumbura. Me zan fara yi? Daga wata ɗaliba.

Ki rufe ruwan, ki taɓa wurin. In ya kumbura, ya yi sanyi, fata ta ɗaure, kanula ta fita daga jijiya ruwa yana zuba ƙarƙashin fata. A cire ta, a ɗaga hannun, a sa sabuwa a ɗaya hannun ko sama da wurin. In abin da ke tafiya mai ƙuna ne, irin su fotasiyam, kalsiyam, ko destiros mai ƙarfi, kada ki yi saurin cirewa. A fara zuƙo abin da za a iya ta cikinta da sirinji, a zagaye iyakar kumburin da biro, a kira likita, don irin wannan yana cin nama. In kuwa wurin ya yi ja, da zafi, jijiyar ta yi tauri kamar igiya, jijiyar ce ta kumbura. A cire, a duba zafin jiki, a rubuta.

In babu kumburi, ki bi robar daga sama zuwa ƙasa: mabuɗin a buɗe yake, robar ba ta lanƙwashe ba, ledar tana sama da hannun sosai, gwiwar hannu ba ta naɗe ba. Ki gwada wanke kanular a hankali da nomal salin. Idan ta ƙi, kada ki tura da ƙarfi, domin gudan jini ne za ki tura cikin jiki. Kuma kada a matse robar ko a murɗa ta don ruwa ya wuce. A goge bakin kanula da sifirit na daƙiƙa 15 a bar shi ya bushe duk lokacin da za a buɗe shi, a kore iska daga sabuwar roba kafin a jona, a rubuta ranar da aka sa kanula a jikin filasta, a duba wurin aƙalla sau ɗaya a kowane zagayen aiki. Robar ruwa zalla da ke tafiya ba yankewa takan kai kwana huɗu kafin a canja, ta jini kuwa ana cire ta da an gama ƙarin jinin. Kanular da ta yini ba a yi amfani da ita ba, a tambayi likita a cire ta.